Wa Zai Ɗauki Nauyin? Lacca Kan Zaɓen Kayan Fasahar Koyarwa a Jami'a

 

An nemi in yi magana a kan yadda malamin jami'a zai zaɓi kayan fasahar da zai koyar da su. Na ga wasunku sun zaro biro, suna jira in jero sunayen manhajoji in ce wannan ta fi waccan. Sunaye za su zo, amma ba can maganata ta dosa ba. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a jami'o'inmu mai zaɓar kayan daban, mai ɗaukar nauyinsu daban. Kwamiti ne zai zauna a ofis mai sanyi, da intanet ɗin da jami'a ta biya, ɗan kasuwa ya haska masa manhaja a jikin bango, kowa ya gyaɗa kai ya ce madalla. Wanda zai sayi data da kuɗin abincinsa, ya kai wayarsa shagon mai caji, ya zagaya bayan hostel yana ɗaga hannu sama neman sabis, ba ya cikin ɗakin. Shi nake so mu shigo da shi yau, mu ba shi kujera.

Burin a ce na'ura ta warware matsalar ilimi ya girmi yawancin waɗanda ke zaune a nan. A 1964, shekara huɗu kacal da samun mulkin kai, maƙwabciyarmu Nijar ta fara koyar da yaran firamare ta talabijin da taimakon Faransa. Masana sun yi ta zuwa kallo suna yabawa, amma shirin bai taɓa kaiwa ga yawancin yaran ƙasar ba. Kwaddebuwa ta ɗauki irinsa a 1971, ta kashe maƙudan kuɗi, zuwa farkon shekarun 1980 aka naɗe tabarmar. A 2005 Nicholas Negroponte ya fito da shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wadda aka ce ba za ta wuce dala 100 ba. Ƙasar Peru ta sayi sama da 800,000, amma binciken da aka wallafa a 2012 bai ga ƙarin maki ba, ko a lissafi ko a harshe. A matakin jami'a kuwa, 2012 ce shekarar da shafukan kwasa-kwasan intanet na Coursera da edX suka bayyana, har wasu suka fara yi wa ɗakin lacca ta'aziyya. Da aka duba alƙaluman kwasa-kwasan Harvard da MIT a kan edX, aka wallafa a mujallar Science a 2019, sai ga shi a shekarar ƙarshe da aka duba waɗanda ke kammalawa ba su wuce kashi 3 da ɗoriya cikin 100 ba.

Duk waɗannan na'urori sun yi aikin da aka ƙera su dominsa. Talabijin ta nuna hoto, kwamfuta ta kunnu. Inda aka yi tuntuɓe shi ne an fara sayo kayan, daga baya aka koma neman matsalar da za su warware.

Mu dawo gida. A Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, kuma a watan ne ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai a Disamba. Da aka dawo, kowane sashe ya yi ta fafutukar yadda zai cike giɓi. Wasu suka kama Zoom, wasu Google Classroom, wasu aka buɗe musu shafi a Moodle. Yanzu da ƙura ta lafa, ina so kowane malami a nan ya tambayi kansa wanne ne ya rage a hannunsa. In za mu faɗi gaskiya, amsar yawancinmu ita ce zauren WhatsApp da saƙon murya. Ba wani kwamiti da ya zauna ya zaɓe shi, ba a ware masa ko sisi ba, ba a shirya masa taron bita ba, amma shi ya ci zaɓe.

Kada a ce na ce WhatsApp ne mafita. Illolinsa kowa ya ɗanɗana. Ka tura takardar darasi da safe, kafin azahar ta nutse ƙarƙashin barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Lambar wayar malami tana hannun ɗalibai ɗari bakwai, wani ya kira shi sha biyun dare yana tambayar ko gobe akwai tes. Wanda ya fi damuna shi ne lambobin 'yan mata, da ke zube a fili ga duk wanda ke cikin zauren, kuma mun san abin da wasu marasa kunya ke yi da su. Ga shi ba ya ajiye maki, ba ya nuna wa ya karanta wa ya fahimta. Amma dalilan da suka sa ya yi nasara su ne darasin. Yana cikin wayar ɗalibi tun kafin ya shigo jami'a. Ba ya cin data da yawa. Sannan yana da haƙuri: in babu sabis saƙo zai jira, in sabis ya leƙo ya shiga. Duk manhajar da za mu kawo, in ba ta da waɗannan halaye, ɗalibai za su yi rajista don tsoron malami, su koma inda suka saba.

To daga ina malami zai fara? Daga ajinsa, kuma da tambaya ɗaya: mene ne ainihin abin da ke hana ɗalibaina koyo? Mu ɗauki malamin da ke koyar da kwas ɗin gama-gari ga 'yan aji ɗaya, mutum ɗari takwas a ɗaki guda, wasu a kan taga, wasu a tsaye, shi kuma yana fama da makirufo mai shaƙewa. In ka tambaye shi me yake buƙata zai ce majigi. A ba shi majigin, babu laifi. Amma babbar matsalarsa ita ce bai san wanda ya gane da wanda bai gane ba, sai ranar da ya zauna gaban tulin takardun jarrabawa, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Wannan matsala tana da magani, kuma an gwada shi. A farkon shekarun 1990 Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, ya gano ɗalibansa suna iya warware lissafi amma ba su fahimci abin da lissafin ke nufi ba. Sai ya sauya salo. Zai yi bayani na ɗan lokaci, ya jefa tambaya mai zaɓi huɗu, kowa ya zaɓa shi kaɗai. In ya ga kai ya rabu, ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya shawo kansa. Bayan minti biyu ko uku a sake zaɓe. Sau da yawa amsar daidai ce ke rinjaye a karo na biyu, domin ɗalibin da ya gane yanzu-yanzu ya fi farfesa sanin inda abin ke ɗaure kai. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka haɗa bincike 225 a kan kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci da lissafi, suka ga faɗuwa ta sauko daga kusan kashi 34 cikin 100 a ajin da malami ke zuba shi kaɗai zuwa kusan kashi 22 a ajin da ake sa ɗalibai aiki.

Yanzu sai maganar kayan aiki. Akwai manhajoji irin su Kahoot da Mentimeter da ke tattara amsoshi ta waya. Suna da kyau, amma ku yi tunanin waya ɗari takwas suna kokawa da sabis a ɗaki ɗaya. Ni abin da zan zaɓa shi ne fallen takarda guda, a rubuta manyan haruffa huɗu, a ninke shi huɗu. Malami ya ce a ɗaga, ya duba ɗakin da idonsa, cikin daƙiƙa biyar ya san inda aka kwana. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A wannan gaɓa takarda ta kayar da manhaja.

A wata gaɓar kuwa takarda ba ta kama ƙafar manhaja ba. Bincike da dama, ciki har da na Roediger da Karpicke na 2006, sun nuna cewa wanda ake yawan gwadawa yana tuno abin da ya karanta ya fi riƙe shi a kan wanda ke maimaita karatu kawai. Wane malami ne zai iya duba takarda ɗari takwas duk mako? Babu. Amma gwajin tambaya goma a Moodle zai duba kansa, ya nuna wa ɗalibi inda ya kuskure nan take, ya kuma nuna wa malami cewa tambaya ta shida ta kayar da kashi biyu cikin uku na ajin, don haka ranar Litinin daga nan za a tashi. Wannan aiki ne da ɗan Adam ba zai iya ba, kuma irinsa ne ya cancanci a kashe wa kuɗi. Haka malamin kimiyyar da ɗakin gwajinsa ba ya ɗaukar mutum hamsin: zane-zanen gwaji masu motsi na PhET, da Jami'ar Colorado ke bayarwa kyauta tun 2002, ana iya sauke su a yi aiki da su babu intanet. Ba za su maye gurbin riƙe kwalbar gwaji da hannu ba, amma sun fi a zana wa ɗalibi a allo a ce ya ƙiyasta sauran.

In malami ya san matsalarsa, abu na gaba shi ne ya ajiye kwamfutarsa ya ari wayar ɗalibi. Ba ta ɗan mai hali ba. Wadda fuskarta ta tsage, ma'ajiyarta ta cika, batirinta ba ya kai la'asar. A kanta za a gwada komai.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Awa ɗaya ta darasin bidiyo kai-tsaye tana iya cin daga rabin giga zuwa sama da giga guda. Mu ɗauki mafi ƙanƙanta. Ɗalibi mai kwas takwas, kowanne awa biyu a mako, na tsawon mako goma sha biyu, awa 192 ke nan, wato giga 96 a zango ɗaya. Ku je ku tambayi kuɗinta, ku tuna kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara farashin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Awa guda ta murya zalla, in an matse ta, ba ta wuce mega ashirin ko talatin ba. Rubutaccen darasi kuwa sau da yawa ko mega ɗaya bai kai ba. Malamin da ya zaɓi bidiyo kai-tsaye inda murya da takarda za su wadatar ya ɗora wa ɗalibansa haraji, ko ya sani ko bai sani ba. In bidiyon ya zama dole, kamar nuna yadda ake ɗinke rauni ko haɗa waya, a yi shi gajere. Binciken da aka yi a 2014 a kan kallo kusan miliyan bakwai a edX ya nuna hankalin mai kallo yakan fara gudu bayan kamar minti shida. Gajeren bidiyo mutum ɗaya zai sauke, sauran su karɓa ta Xender ba tare da sun kashe ko kwabo ba.

Sannan mu riƙa gwada kaya da ranar wahala. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, da wasu yankunan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda matsalar tsaro. Ɗalibin da ya je gida a lokacin ya yanke da duniya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. Wutar lantarki kuwa ba sai na ce komai ba, musamman tun Afrilun 2024 da aka mayar da kuɗin masu amfani da wuta na rukunin farko naira 225 kowane ma'auni. Gaskiya ne Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a 2019, kuma abin a yaba ne, amma ɗalibin da ke haya a cikin gari hasken bai biyo shi ɗakinsa ba. Saboda haka tambayar da nake so a fara yi wa kowane ɗan kasuwa ita ce: in babu intanet, me manhajarka za ta iya? Manhajar Moodle ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darussa lokacin da yake cikin makaranta ya karanta a gida. Kiwix tana ɗauke da Wikipedia gaba ɗaya babu sabis. Kuma in aka girke babbar kwamfutar da ke riƙe da darussan a cikin harabar jami'a, ɗalibi zai iya isa gare ta ta wayafai ɗin makaranta ko da layin waje ya yanke.

Akwai waɗanda kwamiti ya fi saurin mantawa da su. Matar aure mai goyo, wadda sai yara sun yi barci take samun sukunin buɗe littafi, wani lokaci ma da wayar maigida. Darasin da aka ce dole sai ƙarfe huɗu na yamma kowa ya hau layi ya fitar da ita, wanda aka ajiye ta sauke lokacin da ta samu dama ya shigo da ita. Ga ɗalibi makaho, wanda ke karatu da manhajar da ke karanta masa rubutu, irin NVDA da ake samu kyauta. In malami ya ɗauki hoton tsohon handawut ɗinsa da waya ya tura, manhajar ba za ta ga komai ba, hoto ne kawai. In ya tura rubutun da aka buga a kwamfuta, za ta karanta masa tsaf. Bambancin bai ci ko naira ba. 'Yan sashen Hausa kuma, don Allah kafin a sa hannu ku rubuta jimla mai ƙ da ɗ da ɓ ku ga ko za ta fito ko za ta koma alamar tambaya. Na sashen Larabci su gwada rubutu daga dama, na lissafi su gwada alamominsu. Minti goma ya isa.

Sai kuɗi. Yawancin manyan manhajoji da dala ake biyan lasisinsu, kuma duk shekara. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Jami'ar da ta ƙulla yarjejeniya kafin nan ta wayi gari kuɗin ya ninka uku ba tare da an ƙara mata komai ba. Na kyautar ma ba a rungume su ido rufe. Edmodo, da miliyoyin malamai suka zuba darussansu a ciki, ta rufe a Satumban 2022. Google ya daɗe yana ba makarantu ma'ajiya marar iyaka, a Yulin 2022 ya sa mata iyaka. Skype ma da muka sani an yi masa ritaya a Mayun 2025. Kayan aro ba ya rufe katara. Don haka kafin mu shiga, mu tambayi ƙofar fita: in mun tashi tafiya, za mu iya kwashe tambayoyinmu da makin ɗalibanmu a sigar da wata manhajar za ta karanta?

Na yabi Moodle sau biyu, to bari in rage mata. Tun da Martin Dougiamas ya sake ta a 2002 ba a biyan kuɗin lasisi, amma kyautarta irin kyautar doki ce: ranar da aka ba ka za ka yi murna, washegari sai neman dusa da ɗan kula. Tana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikacin da ya san ta. Mun ga inda aka girka ta da biki, saurayin da ya iya ta ya samu aiki mai tsoka ya tafi, kalmar sirrin ma ta tafi da shi. In za a rubuta kasafi, a sa albashi da horon mutum biyu aƙalla kafin a sa kuɗin ƙarfe. Horon malamai kuma ba taron yini ɗaya ba ne da ake raba jaka da biro a watse. Malami yana buƙatar wanda zai kira ranar Laraba da dare in gwajin da ya ɗora ya ƙi buɗewa.

Wata gajeriyar tunatarwa: tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Jera sunaye da lambobin rajista da maki a zauren da kowa ke iya turawa gaba abu ne da ya kamata mu daina tun kafin wani ya kai mu ƙara.

Na san tambayar da ke bakin da yawanku, don haka bari in tare ta. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, malamai ke neman na'urar da za ta kama ɗalibin da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta wa aiki, 'yan kasuwa kuma sun ji ƙamshin ciniki. Shawarata ita ce kada mu ba irin wannan manhaja kujerar alƙali. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya fitar da tasa, ya janye ta a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. A shekarar ne masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada manhajoji bakwai da rubutun ɗaliban da Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, sai suka yanke wa kusan kashi 61 cikin 100 hukuncin cewa na'ura ce ta rubuta, alhali mutane ne. Dalili shi ne mai rubutu da harshe na biyu yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar da su, wannan kuma shi manhajar ke ɗauka alamar na'ura. Ku duba ɗakin nan: ɗalibanmu duka a wannan rukuni suke. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe wannan ɓangare na manhajar kama satar aiki ta Turnitin a Agustan 2023. Mu da za mu biya da dala, bai kamata mu sayi abin da zai sa mu zalunci yaron da ya yi aikinsa da guminsa ba.

Abin da ya fi kama mai satar aiki tsoho ne kuma ba ya cin data: a kira ɗalibi a zaunar da shi minti biyar, a ce, "Malam, wannan sakin layi na uku, me kake nufi da shi?" Wanda ya rubuta zai yi bayani ko da da in-ina, wanda aka rubuta wa zai fara kallon silin. A babban aji a zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a, kowa ya san zai iya faɗowa kansa. Sannan a ba da aikin da sai an taka ƙasa: farashin masara a kasuwar Dawanau mako huɗu a jere, ko hira da ungozoma a unguwarsu. Binciken kamanceceniya da ake yi wa kundin digiri ma yana da gurbi babba, domin ba ya ganin dubban kundayen da ke jibge a kantocin laburarenmu ba a taɓa ɗora su a kwamfuta ba, kuma daga nan aka fi kwafa. Kuɗin da za a zuba a lasisi, a ɗebi wani abu a ɗauki hoton waɗannan kundaye a zuba su a rumbun jami'a da manhaja irin DSpace.

Shugaban taro, ga buƙatata ga kwamitin da ke da wuƙa da nama a wannan harka. Kada a sake sayen manhaja ga jami'a baki ɗaya sai an gwada ta a kwas ɗaya ko biyu na tsawon zango cikakke, da babban aji, a kan wayoyin ɗalibai na haƙiƙa. Kafin a fara, malamin kwas ɗin ya rubuta a takarda abin da yake sa ran zai sauya, ko yawan masu faɗuwa ne, ko kwanakin da ɗalibi ke jira kafin ya ga makinsa, don kada a ƙarshe a auna nasara da yawan waɗanda suka yi rajista. A rubuta kuma nawa kowane ɗalibi ya kashe a data. Ranar da za a yanke hukunci, a sa ɗalibai biyu a teburin, mace da namiji, ɗayansu ya kasance mazaunin cikin gari, kuma a ba su dama su yi magana kafin ɗan kasuwa ya kunna majiginsa.

Na ga hannayen ɗalibai sun fara tashi daga kujerun baya, kuma da su nake so a fara.